Yadda Ake Barin Abin Kwaɗayi a Azumin Kwana Arba'in

Duk yamma idan na sauka daga Keke a Yelwa, hayaƙin tukubar mai tsire ne ke fara yi mini sannu da zuwa kafin yaran gidana. Kitse na ɗiga a garwashi yana cuwww, ƙuli-ƙuli na ƙonewa, ga albasa an yanka an tara a gefe. Ƙafata ta haddace hanyar wurin tun da daɗewa, ba ta ma shawara da ni. Shi ya sa idan Larabar Toka, ranar da mu Kiristoci ke fara azumin kwana arba'in, ta ƙarato ba na wahalar neman abin da zan bari. Amma na sha kaye kafin in gane yadda ake riƙe alkawarin har Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, kuma abin da na koya a kayen ne zan shimfiɗa a nan.

Fara da sanin kwanakin

Azumin yana farawa ranar Larabar Toka, ranar da ake shafa wa mutum toka a goshi ana tuna masa cewa daga ƙasa ya fito, ƙasa zai koma. Tokar nan ta ganyen da aka ɗaga a Lahadin Dabino (Lahadin ƙarshe kafin Ista) na bara ce, aka adana aka ƙona. Daga wannan Laraba zuwa Asabar ta jajiberin Ista kwana 46 ne. Ka cire Lahadi 6 da ke ciki, saura 40, adadin kwanakin da Yesu ya yi yana azumi a jeji kamar yadda Bisharar Matiyu sura 4 ta faɗa. Ranar ba ta tsayawa wuri ɗaya, domin Ista na bin wata, tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2025 an shafa toka 5 ga Maris, aka yi Ista 20 ga Afrilu. A 2027 kuwa toka 10 ga Fabrairu ce, Ista 28 ga Maris.

Wannan lissafi na da amfani a wurinmu, don ko ta ina aka juya, ƙarshen azumin cikin bazara yake ƙarewa. Wanda ya san zafin Maris da Afrilu a Bauchi ko Gombe ya san alkawarin da aka ɗauka cikin sanyin hunturu ba shi ne ake cikawa a rana tsaka ta bazara ba.

Raba dokar coci da alkawarin kanka

A Katolika abin da doka ta ɗora kaɗan ne. Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu, ranakun azumi ne ga mai shekara 18 zuwa 59: abinci cikakke sau ɗaya, sai ɗan abin taɓawa sau biyu wanda in an haɗa bai kai cikakken ba. Nama kuma daga shekara 14 ake barinsa a waɗannan ranaku biyu da Juma'o'in azumin. Kifi ya halatta. Anglikan ma suna kiyaye wannan lokaci. 'Yan'uwa na cocin ECWA da COCIN, waɗanda suka fi yawa a wurare irin su Kaltungo, Billiri, Tafawa Balewa da Bogoro, kowace ikkilisiya da yadda take tsara nata azumi da addu'a, don haka sai mutum ya bi abin da aka sanar a majami'arsu.

Barin abin da rai ke so na tsawon kwanakin nan kuwa, wannan tsakaninka da Ubangiji ne. Ba Fada ko Fasto da zai bi ka gida ya leƙa tukunya. Kuma abin ba sabo ba ne: Daniyel ya yi mako uku bai ci abinci mai daɗi ba, nama da ruwan inabi ba su shiga bakinsa ba, yana nan a sura 10 ta littafinsa.

Zaɓi abu ɗaya, wanda ya riƙe ka

Nan ne yawancinmu ke ɓata rawarmu da tsalle. Shekarar da na fara ɗaukar abin da gaske, na tashi da zafina na ce ba nama, ba shayi, ba sukari, ba lemon kwalba, ba kallon ƙwallo. Ban cika mako ba aka gan ni a teburin mai shayi da biredi da ƙwai, ina kallon ƙasa. Da na kai kuka wurin wani tsohon katikis ɗinmu, mai koyar da addini a coci, dariya ya yi har da tari.

"Ɗana, wa ya aike ka? Taura biyu ma ba ta taunuwa, kai ka cusa biyar a baki."

Na ce, "To Baba, wanne zan ɗauka?"

Ya ce, "Wanda da na ambace shi za ka fara kawo mini hujja."

Har yau ban sami ma'aunin da ya fi wannan ba. Zauna ka jero abubuwan da kake yi wa kanka gata da su: tsire ko balangu da dare, masa da miyar taushe da safe, goro bayan cin abinci, kunun aya mai sanyi, burkutu ko giyar kwalba, taba, cacar ƙwallo a waya, zaman TikTok har ƙarfe ɗayan dare, hirar bakin famfo da ake cin naman mutane ɗanye. Wanda zuciyarka ta yi tsalle ta ce "ai wannan ba komai ba ne", shi ne. Mutumin da rabonsa da kilishi tun Kirsimeti ya ce ya bar kilishi, wasa yake da hankalin kansa.

Sannan ka yanka alkawarin da iyaka. "Zan rage waya" ba alkawari ba ne, domin gobe kai ne alƙalin da zai fassara "ragewa". Ka ce: daga ƙarfe 8 na dare waya na cikin durowa sai gari ya waye. Ka ce: ba zan sayi nama a bakin titi ba. Abin da yaro ɗan firamare zai iya cewa "Baba ka karya" idan ya gani, shi ne ya yanku daidai.

Kada kuma ki zaɓi abin da zai zama hukunci a kan wasu. Uwar gida da ta daina sa nama a miya saboda nata alkawari ta sa yara da miji da baƙo azumin da ba su ɗauka ba. Idan gida ne gaba ɗaya za a yi, a zauna a yarda tun kafin Laraba.

Gyara hanya da gida kafin ranar

Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma sabo yana da wuri da lokaci. Nawa yana bakin titi ne da misalin ƙarfe shida. Abin da na yi shi ne na fara sauka daga Keke a mahaɗar da ke gaba, in zagayo ta bayan layi. Tafiyar ta ƙaru da minti biyar, amma hancina ya huta. Mai lemon kwalba ya kwashe na cikin firji ya ba maƙwabta, ya cika gorunan da ruwa. Mai caca ya goge manhajar daga waya, ba wai ya ɓoye ta a wani shafi ba. Mai zuwa gidan burkutu saboda abokai ya san inda zai zauna a wannan awar, in ba haka ba ƙafa za ta kai shi.

Ka faɗa wa mutum ɗaya, matarka ko mijinki ko wani amini a ƙungiyar mawaƙa ko Zumuntar Mata. Ɗaya ya isa.

Ka yi hattara da musanya ma. Na san wanda ya bar lemon kwalba ya koma zoɓo mai sukari gora uku a rana. An gudu ba a tsira ba. Haka masu barin nama su tasa babban tarwaɗa na dam ɗin Dadin Kowa a gaba kowace Juma'a, da kuɗin da ya ninka na naman. Doka ba ta hana ba, amma ni dai ban ga azumi a wurin ba. Wake da shinkafa, ɗanwake, alale, awara, kwaɗon zogale, tuwo da miyar kuka ta daddawa, duk suna riƙe ciki ba tare da an yi biki ba.

Makon farko jiki zai yi bore

Mai cin goro da mai shan shayi ko kofi kullum su sa ran ciwon kai. Sinadarin da ke wartsake mutum a cikinsu iri ɗaya ne, kuma idan aka yanke shi farat ɗaya, kai kan fara sarawa cikin kwana ɗaya, ya tsananta a na biyu, ya zo da kasala da saurin fushi, sannan ya lafa cikin mako guda ko ɗan fiye. Dabara ita ce a fara ragewa tun mako ɗaya kafin toka: mai ƙwarya uku ya koma biyu, ya koma ɗaya. A sha ruwa sosai. Ban ba kowa shawarar ya sa ruwa cikin abin da zai bari a wannan zafi ba, musamman mai aikin gini, ɗan kasuwar Muda Lawal ta Bauchi da ke yini a rana, ko mai noman rani.

Giya kuma maganarta daban. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, idan ya tsaya kwatsam zai iya kamuwa da rawar jiki, zufa, ruɗewa, har da farfaɗiya, kuma abin na iya kisa. Irin wannan ya fara ganin likita kafin ya fara. Haka mai ciwon sukari, mai gyambon ciki, mai juna biyu, mai shayarwa, da wanda ke shan magani da sai an ci abinci: coci ba ta ɗora wa marar lafiya azumin abinci ba. Su bar wani abin da ba na ciki ba, ai suna da yawa.

Kuɗin da lokacin su sami inda za su

Wannan matakin ne na daɗe ina tsallakewa, kuma shi ne ya sa shekarun farko ba abin da na samu sai ramar wuya. Azumi, addu'a da sadaka tare Yesu ya ambace su a Matiyu sura 6. Ishaya sura 58 ma ta fito fili cewa azumin da Allah ke so ya haɗa da raba abincinka da mayunwaci da tufatar da huntu. Idan ka bar tsire kuɗin ya narke a katin waya, aljihunka kawai ka sauya wa suna.

Nemo gwangwanin madara, ka huda murfin, ka liƙe gefen. Duk yamma, a daidai lokacin da ka saba saye, ka jefa kuɗin a ciki. A ce naira 500 kake kashewa. Kwana 40 ya ba ka naira 20,000. Tun ranar farko ka san wa za ka ba: gwauruwar da ke layinku, ɗalibin da aka koro saboda kuɗin makaranta, marar lafiyar da ke kwance a asibiti ba mai jinya. Idan akwai fuskar mutum a jikin gwangwanin, hannu na jin nauyin buɗe shi ranar da gas ya ƙare.

Lokacin ma haka. Rabin awar da nake yi a tsaye gaban tukuba ina jiran a gasa, yanzu a gida nake yin ta, mu karanta sura ɗaya ta Bishara da yara. Markus sura 16 ce kacal, Luka 24. Ka haɗa su ka sami 40 cif, sura ɗaya kowace rana. Ranar Juma'a da yamma kuma akwai addu'ar Hanyar Gicciye mai tashoshi 14 a coci, ta tunawa da wahalar Yesu.

Lahadi fa?

Kullum sai an yi wannan gardama a ƙofar coci. Tunda Lahadi ba ta cikin 40, kuma ranar tashin Ubangiji ce, wanda ya ci abin da ya bari a ranar bai yi laifi ba. Sai dai kowa ya san halinsa. Ni idan na ɗanɗana ranar Lahadi, Litinin sabon yaƙi ce, don haka nake wucewa kai tsaye. Mai barin taba, giya ko caca kada ma ya fara wannan lissafin. Abin da ya fi muhimmanci, ka yanke tun farko, ba ranar Asabar da dare ana suya a maƙwabta ba.

Wanke fuska

Yesu ya ce mai azumi ya shafa mai ya wanke fuska, kada ya turɓune don a gani. A yau turɓunewar ta koma Facebook da WhatsApp: "Kwana na 12 ba nama." Bar shi. Idan aka miƙo maka a wurin biki ko suna, "na gode, na ƙoshi" ta wadatar. A 2025 azuminmu ya haɗu da watan Ramadan, wanda ya kama 1 ga Maris, maƙwabta Musulmi suna ta aiko mana da kunu da ƙosai da shan ruwa. Wata rana kwanon ya zo da nama a kai, ranar Juma'a. Mun karɓa da hannu biyu, muka yi godiya, muka rufe muka ajiye wa Asabar.

Idan ka karya

Za ta iya faruwa, galibi a mako na uku ko na huɗu, lokacin da ɗokin farko ya tafi Ista kuma ba ta ko leƙo ba. Shaiɗan ba ya cewa ka ci. Cewa yake tunda ka riga ka ci, ai shi ke nan, sai baɗi. Kada ka saurare shi. Ka nemi gafara, ka duba me ya kai ka, yunwa ce, fushi ne, ko abokai, ka toshe wannan ƙofar, gobe ka ci gaba daga inda kake. Ba a komawa a fara ƙirga daga ɗaya. Ni nakan ninka kuɗin gwangwani a ranar da na faɗi, ba don wani ya ce ba, don dai abin ya ɗan yi mini zafi.

Mako Mai Tsarki da ranar buɗewa

Daga Lahadin Dabino sai ka ƙara ɗaure ɗamara, kwana bakwai suka rage. Ka fasa gwangwanin ranar Alhamis ko Asabar, ka kai kuɗin kafin Ista, don wanda za ka ba shi ma ya ɗora tukunya ranar biki. Ka kai da kanka, da dare in ya yiwu, ba tare da ɗan rakiya ba.

Ranar Ista kuma, a yi a hankali. Cikin da ya yi mako shida bai ga kitse ba ba ya son a yi masa ambaliya. Na taɓa kwana ina zarya bayan gida saboda balangu. Ka kuma yanke tun kafin ranar ko abin zai dawo duka, ko rabi, ko ya tafi ke nan. Goro dai ban koma masa ba. Tsire na koma, amma Asabar kaɗai. Ranar da na sake bayyana a gaban tukubar, mai tsiren ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Yallaɓai, ai na ɗauka an yi maka canjin wurin aiki," ya ƙara mini tsinke ɗaya gyara.