Yadda ƙungiyar tallafa wa masu otizim da jinkirin fahimta za ta ba da lissafin aikinta a Damagaram

Duk ƙungiyar da ta karɓi kuɗi da sunan masu lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane, wasu kafofin labarai kuma ke kira galahanga, ko da sunan masu jinkirin fahimta, amana biyu ta ɗauka: ta wanda ya ba da dukiyarsa, da ta yaron da aka roƙa dominsa. An fi kula da ta farko, domin mai bayarwa yana da bakin tambaya kuma yana iya naɗe hannunsa, alhali uwar da ke zaune a Garin Malam da ɗan shekara bakwai wanda bai fara magana ba, ba ta saba tambayar kowa lissafi ba, godiya kawai take yi. Saboda haka ya kamata a tsara aikin yadda lissafi zai isa zaurenta kafin ya isa teburin mai ba da tallafi.

A fara da takardu. Dokar ƙungiyoyi ta Nijar mai lamba 84-06, ta ranar 1 ga Maris 1984, ita ce tushen kafa ƙungiya, kuma wajibi ne a samu izinin hukuma da rubutattun ƙa'idoji da ke fayyace aikin kowane ɗan biro. Kada shugaba da ma'aji su fito daga gida ɗaya, ko da kuwa dukansu mutanen kirki ne. Kuɗi su zauna a asusun ƙungiya, ba a wayar shugaba ba, kuma kada a fitar da ko dala ɗaya sai da sa hannun mutum biyu. Abin da aka aiko ta Nita ko Airtel Money a rubuta shi a littafin kuɗi a ranar da ya iso. Mai sayar da gero a Kasuwar Dole ba lallai ne ya ba da rasit ba, to sai mai saye ya rubuta abin da ya saya da farashinsa a ƴar takarda, wani shaida ya sa hannu. Zakkar da ake kawowa cikin azumi a ware mata shafinta, domin ba a biyan hayar ofis da ita.

Bayan kowane wata uku a tara iyaye a karanta musu lissafin da babbar murya, da Hausa, da Barbarci idan akwai masu buƙata. Rahoton Faransanci na mai ba da tallafi ne. A rubuce sefa ake sawa, amma wajen karantawa a faɗa da jika da dala yadda ake ƙirga a kasuwa, domin uwar da ba ta shiga lakkol ba, ta san abin da jika hamsin ke saye fiye da mai karanta mata.

Tsabtar littafin kuɗi ba ta nuna cewa aikin ya amfani kowa, kuma a nan ne ƙungiyoyi da yawa ke yaudarar kansu. Yawan tarukan da aka yi da buhunan da aka raba, aikin ƙungiya suke nunawa, ba halin da yaro yake ciki ba. Ranar da aka karɓi yaro a buɗe masa shafi, a rubuta abin da yake iyawa a lokacin: ko yana ci da hannunsa, ko yana zagayawa ba tare da taimako ba, ko yana nuna abin da yake so da magana ko da ishara, ko yana barci da dare, ko ana kulle shi a ɗaki idan za a fita. Wanda ke son tambayoyin da aka riga aka gwada yana iya amfani da jerin da UNICEF da Rukunin Washinton, wato ƙwararru kan ƙididdigar naƙasa, suka fitar a 2016 domin yara masu shekara 2 zuwa 17. A zaɓi buri ɗaya ko biyu tare da iyayen, kuma su za su faɗi wanda ya fi damunsu. Wata uwar ba karatu ke gabanta ba, so take ɗanta ya daina ficewa titi idan ta juya baya. Bayan wata shida a koma gidan da tambayoyin nan dai, kuma gara wanda zai je ya kasance ba shi ne ke koyar da yaron ba, tunda kowa yana son ganin aikinsa ya yi kyau. A tambayi uwar halin da ita ma take ciki, ko ta samu komawa sana'arta, ko maƙwabta sun rage kiran ɗanta dolo ko mai aljanu. Game da makaranta, sa suna a watan Oktoba abu ne mai sauƙi. Abin dubawa shi ne ko yaron yana cikin aji har watan Yuni, kuma ko malami yana kula shi.

Kada a yi wa iyaye alkawarin warkewa. Otizim ba shi da maganin da ke raba mutum da shi, sai dai horo da haƙuri da gyaran muhalli suna ƙara wa mai shi iyawa. Farfaɗiya kuwa, wadda takan haɗu da waɗannan lalurori, tana da magani, don haka idan an tura yaro Babban Asibitin Damagaram a bi sawu a rubuta ko ya ga likita da kuma ko ana samun maganin.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma ginshiƙinta shi ne a yi shawara da mutum a kan abin da ya shafe shi. A ba iyaye kujeru a kwamiti da ƙuri'a cikakkiya, a kuma ba manya masu lalurar da kansu, a tambaye su da gajerun jimloli ko da hotuna, a jira amsa ba tare da wani ya yi caraf ya amsa musu ba. Hoton yaro ba ya hawa Facebook sai da yardar iyayensa da tasa, kuma wanda ya ƙi ba a rage masa komai. A naɗa wata dattijuwa da ba ta cikin biro ta riƙa karɓar koke a asirce, musamman na duka ko cin zarafi, domin yaron da ba ya magana shi ne ya fi sauƙin zalunta.

Bikin 2 ga Afrilu na ranar otizim da na 3 ga Disamba na ranar naƙasassu suna da amfaninsu, amma kuɗin riguna da hayar kujeru su fito a lissafi kusa da kuɗin ziyarar gidaje, kowa ya kwatanta. Rahoton shekara kuma ya faɗi yara nawa suka daina zuwa. A bi su har gida, ko a Birni ne ko a Kara-Kara, a ji ko kuɗin kabu-kabu ne ya gagara, ko neman ruwa ne ya cinye safiyar uwar, ko wata magana aka faɗa mata a ofis, sannan a rubuta dalilin yadda ta faɗe shi a karanta a taron iyaye na gaba.