Darasi na Shida: Zarton Ado da Yadda Ake Zaɓen Sa

Duk wanda ya taɓa zama gaban keken ɗinki ya riga ya san rabin wannan darasi. A keke, allura ce ke hawa da sauka a wuri ɗaya, tela kuwa yadin yake juyawa. Haka zarton ado yake. Akwai wani siririn ƙarfe mai haƙora, wanda za mu riƙa kira ruwan zarto. Shi ke hawa da sauka ta wani rami a tsakiyar ƙaramin teburin ƙarfe. Ku kuma ku dafa katako da hannu biyu, kuna turawa kuna juyawa, kuna bin layin da aka zana.

Kada ku kawo masa falankin rufi ko ƙafar gado. Kaurin da yake iya ci bai wuce inci 2 ba, wajen santimita 5 ke nan, kuma ya fi jin daɗin abin da bai kai haka ba. Gwanintarsa a lanƙwasa take: haruffa, fure da ganye, kayan wasan yara, firam ɗin madubi, fuskar agogon bango, da hoton nan da ake yankawa gutsi-gutsi yara su haɗa. Wannan wasan haɗa hoto tsoho ne. Wani mai zana taswira a Landan, John Spilsbury, ya riƙa manna taswira a katako yana yanke ƙasashe ɗaya-ɗaya tun shekarun 1760, don koya wa yara. Daga baya, a ƙarshen ƙarni na 19, aka yi yayin zartunan da ake takawa da ƙafa a Amurka da Ingila, mutane suna yin ado da su a gida bayan sun taso daga aiki. Na yau lantarki ke juya shi, amma aikin hannun bai canza ba.

Ruwan zarto

Mu fara da shi, don shi ne mai yankan. Tsawonsa inci 5 ne, wajen santimita 13. Iri biyu ne. Ɗaya yana da ɗan ƙarfe a gicciye a kowane ƙarshe, ana rataya shi kamar ƙugiya. Ɗayan miƙaƙƙe ne sumul, matse shi ake yi sama da ƙasa. Mai ƙugiya ya fi sauƙin sakawa, amma yana da faɗi, kuma ba ya shiga ƙaramar huda. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Miƙaƙƙun suna da lamba. Ƙaramar lamba, kamar 1 ko 2, siriri ne mai ƙananan haƙora, na katako marar kauri. Babbar lamba, kamar 9 ko 12, kakkaura ne, na katako mai kauri. Mai koyo ya fara da lamba 5, ita ce tsaka-tsaki. Akwai mai 'yan haƙora a ƙasa da suka juya suna kallon sama, amfaninsu hana bayan katako tsagewa. Akwai kuma murɗaɗɗe kamar igiya, mai yanka ta kowace fuska ba sai an juya katako ba. Wannan ku bar shi tukuna. Yana da wuyar sarrafawa, kuma layinsa faɗi gare shi.

Ruwan zarto abin ƙarewa ne, yana dakushewa yana karyewa, shi ya sa dozin-dozin ake sayar da shi. In ya karye zai yi ƙara, gaba ya faɗi, amma ba wani abu ba ne. Ku kashe inji ku sa wani.

Haƙora ƙasa suke kallo. Ranar da na fara, a juye na sa shi. Ina kunnawa katakon ya kama tsalle yana bugun tebur, taf-taf-taf, na ɗauka injin ne ya lalace, har na fara neman takardar sayensa. Da haƙoran na kallon ƙasa, da kansu za su danne katakon a kan tebur. In ido bai gani ba, ku shafa da yatsa a hankali daga ƙasa zuwa sama, inji a kashe. In ya kama fata, daidai yake.

Abin da za ku duba kafin ku saya

Mai sayarwa zai fara gaya muku girman inji: inci 16, ko 18, ko 20. Wannan awon tazara ce daga ruwan zarto zuwa ginshiƙin baya, wadda masu ƙera injin ke kira maƙogwaro. Ita ke nuna girman katakon da za a iya juyawa bai bugi ginshiƙi ba. Inci 16, wato wajen santimita 40, ya ishi yawancin abin da mai sha'awa zai yi a gida. Kada girma ya ruɗe ku.

Ni a ganina abu na farko shi ne yadda ake cire ruwan zarto da mayar da shi. Ga dalili. Ku ɗauki harafin "o". Don a fitar da cikinsa ba a taɓa gefensa ba, sai an huda rami a tsakiya, a kwance ruwan zarto daga sama, a zura shi ta ramin, a sake matsewa, a ɗaure shi ya miƙe sosai, sannan a yanka. An gama, a sake kwancewa a fitar. Rami ɗaya ke nan. Zanen ado mai kyau yana iya ɗaukar ramuka hamsin, wani ɗari. In injinku sai an nemo alanki an durƙusa ana leƙen ƙarƙashin tebur kowane lokaci, kafin rami na goma sha'awar ta gudu. Saboda haka ku nemi mai mamatsin da ake murɗawa da yatsu, wanda abin ɗaurinsa yake nan gaba kusa da hannu. Wasu injunan ma hannunsu na sama, mai riƙe da ruwan zarto, ɗagawa yake yi ya ba ku wuri. Ku ce wa mai sayarwa ya bar ku ku cire ku mayar sau uku da hannunku. A nan ne kuma maganar ɗazu ta dawo: injin da ba ya karɓar komai sai mai ƙugiya zai hana ku ƙananan ramuka, don ƙugiyar tana son huda mai faɗin wajen milimita 5. Ku tabbata yana karɓar miƙaƙƙe.

Na biyu, jijjiga. A kunna shi a gabanku. Ku ɗora tafin hannu a gefen tebur, ko ku kwantar da fensir ku gani ko zai kama tafiya. Ku dubi ruwan zarton ta gaba yana aiki: ya kamata ya zama layi ɗaya siriri. In kun ga yana faɗi kamar inuwa, to lilo yake yi gefe da gefe, kuma haka zai yanka. Inji mai nauyi, mai teburin ƙarfe kakkaura, ya fi natsuwa. Marar nauyi ma yana gyaruwa in an ɗaure shi da noti a kan benci mai ƙarfi.

Na uku, a iya rage gudu da ƙara shi. Yawancin masu wannan tsari suna tashi daga wajen bugu 400 a minti zuwa 1,600 ko fiye. DeWalt DW788, alal misali, mai inci 20, yana yi daga 400 zuwa 1,750. Mai koyo yana bukatar gudu kaɗan, haka ma katako siriri da roba, don roba narkewa take yi in ƙarfen ya yi zafi.

Sauran duk ƙari ne. Teburi yakan karkata har digiri 45 don yankan jirge, wasu injuna kuma kan ne ke karkata tebur yana nan a shimfiɗe, wanda ya fi daɗin riƙo. Akwai ɗan bututun da ke hura garin katako daga kan layi, wannan kam yana da amfani ƙwarai. Fitila da makunnin ƙafa ana iya ƙarawa daga baya. Za ku ji sunaye irin su Hegner na Jamus da Pégas na Suwizalan, masu kyau ne masu tsada. Wanda aka taɓa amfani da shi ma ba laifi, muddin an gwada shi kamar yadda muka ce, kuma ana samun kayan gyaransa.

Zaman farko

Ku sa tabarau na kariya da takunkumi. Garin katako yana da laushi, yana shiga huhu, kuma yawan shaƙarsa yana cutarwa. A naɗe hannun riga, a ɗaure mayafi ko gashi, a zare wuta daga soket kafin a taɓa ƙarƙashin tebur.

Ku ɗaure ruwan zarto, ku fizge shi da farce kamar tsirkiya. Ya yi ƙara siririya mai tsabta. In kun tura shi da yatsa, kada ya gusa fiye da milimita 3. Sako-sako yawo yake yi, ya bar layi, kuma ya fi saurin karyewa.

Sai a gwada tebur. Ku sami guntun katako mai kauri, ku ɗan yanka shi kaɗan, ku kashe inji. Ku zagayo da guntun ta bayan ruwan zarto ba tare da kun kifa shi ba, ku gwada shigar da bayan ƙarfen cikin tsagar. In ya shiga sumul, tebur daidai yake. In ya ƙi, ya karkace, a gyara.

Wani abu zai ba ku mamaki. Kuna tura katako sak, yankan yana zamewa gefe, yawanci dama. Hannunku lafiya lau yake. Yawancin ruwan zarto daga masana'anta yake fitowa da ɗan kaifi a gefe ɗaya. Maganinsa ku ɗan karkata katakon har yankan ya hau layi, ku ci gaba a haka. Kada ku tura da ƙarfi, kada ku danna shi ta gefe. In kun ji ƙauri ko kun ga gefen ya yi baƙi, ko dai ƙarfen ya dakushe ko gudu ya yi yawa. Manna salatif mai haske a kan zanen yana rage wannan ƙuna. A kusurwa kuwa, ku daina turawa, ku dafa yatsa ɗaya kusa da wurin, nesa da haƙora, ku juya katakon a kansa kamar yadda tela ke juya yadi allura na ciki.

Aikin wannan mako

Ku sami filawud mai kaurin milimita 6, faɗin tafin hannu biyu. Ku ja layi miƙaƙƙe guda biyar, da layi mai tafiyar maciji guda biyar, ku yanke su duka. Sannan ku rubuta harafin farko na sunanku da girma a takarda, ku manna da gam, ku yanke shi. Wanda harafinsa ke da ciki, kamar A ko B ko D, ya huda ya fara fitar da cikin kafin ya zagaye waje, don katakon ya fi riƙuwa yana da faɗinsa. A goge gefen da samfefa. Ku zo da harafin a darasi na gaba, tare da duk ruwan zarton da ya karye, mu duba inda kowanne ya karye.