Kyamarar Tafi-da-gidanka da Mai Babur a Birtaniya: Abin da Baƙo Ya Kamata Ya Sani

Wanda ya koyi tuƙin babur a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya saba da cewa laifin hanya ido da ido ake yin sa: jami'i ya ɗaga hannu, ka tsaya, a yi magana, a ba da haƙuri ko a rubuta takarda, kowa ya kama gabansa. A Birtaniya mutum yana iya karya dokar gudu da safe, ya wuni yana harkokinsa, ya kwana bai san an kama shi ba, domin babu wanda ya tsayar da shi, babu jiniya, babu ko walƙiyar da zai gani. Sai bayan kwanaki wasiƙa ta faɗo ta ƙofa. Yawancin 'yan'uwanmu da na ga wannan lamari ya jefa su cikin wahala, tarar gudun ba ta taɓa su sosai ba. Abin da ya kayar da su shi ne yadda suka yi da wasiƙar. Bayanin da ke tafe ya fi shafar Ingila da Wales, inda mafi yawanmu suke zaune.

Kyamarar da aka kafe a kan ƙarfe a bakin titi ba ta da wuyar ganewa, galibi launin ruwan ɗorawa ake shafa mata, kuma wanda ya bi hanya sau biyu ya san inda take. Ta tafi-da-gidanka ita ce mai kama mutane. Mota ce ƙirar bas, sau da yawa fara, a fake a gefen titi ko a kan gada, tagar bayanta a buɗe kaɗan, ma'aikaci yana zaune a ciki da na'urar auna gudu mai aiki da hasken leza. Na'urar tana auna abin hawa daga nisan ɗaruruwan mitoci, saboda haka idan ka hango motar sannan ka damƙi birki, a mafi yawan lokuta an riga an gama da kai. Yau tana wannan titi, gobe tana wancan, kuma doka ba ta wajabta a kafa allon gargaɗi kafin a ajiye ta ba. Al'adar nan tamu ta kunna wa na gaba fitila don sanar da shi cewa 'yan rod sefti suna gaba, a nan tana iya zama laifin hana 'yan sanda aikinsu, kuma an taɓa cin tarar direba a kanta.

Akwai wata magana da ke yawo a tsakanin matasanmu masu kai abinci gida-gida, wai kyamara ba ta kama babur. Tushen maganar gaskiya ne, domin baburan Birtaniya ba su da lamba a gaba, a baya kawai take, don haka kyamarar da aka kafe tana fuskantar masu tahowa ba ta samun lambar. To amma motar tafi-da-gidanka mutum ne a cikinta, ba ƙarfe kaɗai ba. Yana iya auna ka kana tahowa, ya ɗauki lambar bayan ka wuce, kuma da yawa daga cikin motocin suna da ƙarin kyamarori da aka sa domin wannan aiki. Wanda kuma ya lanƙwasa lambarsa ko ya bar taɓo ya rufe ta da gangan, ya ƙara wa kansa wani laifin dabam wanda tararsa tana iya kai fam 1,000.

Kafin a kai ga wasiƙa, ya kamata baƙo ya gyara lissafin da ya zo da shi a ka. Allunan hanya a nan da mil suke magana, ba da kilomita ba. Mil 30 a awa ya yi daidai da kusan kilomita 48, mil 20 kuma kusan kilomita 32, gudun da ɗan acaɓa a gida zai ɗauka tamkar tafiyar ƙasa ce. Duk titin da ke da fitilun kan hanya a jere, iyakarsa mil 30 ce ko da ba ka ga allo ba, sai dai idan an rubuta wani abu dabam. A Wales an mayar da wannan iyaka mil 20 tun daga 17 ga Satumba, 2023, kuma manyan titunan tsakiyar Landan da unguwanni da yawa na birnin su ma mil 20 ne. A wajen gari, farin allo mai baƙin layi a karkace yana nufin mil 60 a titi guda mai hannu biyu, mil 70 a tagwayen titi da babbar hanyar da ake kira motorway. Za ka ji ana cewa 'yan sanda suna yafe kashi goma cikin ɗari da ƙarin mil biyu, wato ba sa kama mai gudun da bai kai 35 ba a titin 30. Wannan shawara ce da shugabannin 'yan sanda suka bayar, ba doka ba ce, kuma a shari'ance mil ɗaya a kan iyaka ya riga ya zama laifi. Ban ga hikimar mutum ya jingina lasisinsa da abincinsa a kan rangwamen da ba wanda ya yi masa alkawarinsa ba.

Wasiƙar tana zuwa ne ta gidan waya, a takarda, zuwa ga wanda sunansa yake kan takardar mallakar babur, wadda ake kira V5C, kuma doka ta ce a aika ta cikin kwana 14 da aikata laifin. Saƙon waya ko na imel da ya ce ka latsa wani wuri ka biya tarar gudu, na 'yan damfara ne. A cikin ambulan akwai sanarwar cewa ana niyyar gurfanarwa, sannan akwai fom da ake tambayar wanda yake kan babur ɗin a ranar da lokacin. Kwana 28 gare ka ka cike ka mayar. Wannan fom shi ne zuciyar al'amarin, domin ƙin amsa shi laifi ne mai zaman kansa a ƙarƙashin sashe na 172 na dokar hanya ta 1988, hukuncinsa kuma maki 6 ne a kan lasisi (wato makin laifi da ake rubuta wa direba, waɗanda idan suka taru ake hana shi tuƙi) da tarar da za ta iya kai fam 1,000, wato ninki biyu na makin da gudun kansa zai jawo.

Wani ƙanen abokina, yaro mai natsuwa da ya zo daga Katsina, ya sayi ƙaramin babur yana zaune a ɗakin haya, bayan wata huɗu ya koma wani gida a wata unguwa. Ya sauya adireshi a banki, ya sauya a wurin aiki, har a kan lasisinsa ya sauya, amma bai san cewa takardar babur ita ma sai an sanar da DVLA, hukumar rajistar ababen hawa da lasisin tuƙi, daban ba. Motar kyamara ta kama shi yana gudun mil 37 a titin 30. Wasiƙa ta farko ta je tsohon gidan, ta tuni ta bi ta, takardar kotu ma ta bi su, duk suka taru a ƙasan matakala tare da tallan shaguna. Bai ji labari ba sai da aka fara cire kuɗi daga albashinsa. Na ga takardun a shimfiɗe a kan tabarmar sallarsa, yana jujjuya su yana cewa, "Wallahi yaya, ko ɗaya ban gani ba." Gaskiya ya faɗa, kuma doka ta tanadi hanya ga irinsa: wanda aka yanke wa hukunci bai san da shari'ar ba yana iya yin rantsuwar cewa bai sani ba, cikin kwana 21 da samun labari, sai a soke hukuncin a sake sauraren maganar daga farko. Ya samu ya yi hakan, amma sai da ya sha zirga-zirga da rashin barci na makonni a kan abin da gyaran adireshi na minti biyar a intanet, kyauta, zai hana. Mu baƙi mun fi kowa yawan tashi daga gida zuwa gida a shekarun farko, shi ya sa wannan tarko ya fi kama mu.

Idan ka amsa fom ɗin a kan lokaci, ɗaya daga cikin abubuwa uku ne zai biyo baya. Idan gudun bai yi yawa ba, kuma ba ka halarci irinsa ba cikin shekara uku da suka wuce, ana iya ba ka zaɓin kwas na wayar da kai a kan gudu, na 'yan awoyi, a aji ko ta intanet. Kuɗinsa yana kusa da kuɗin tara, amma babu maki. Duk wanda aka yi wa wannan tayi, shawarata ya karɓa hannu bibbiyu, ya kuma halarta da zuciya ɗaya, domin ana koyon abu a ciki. Idan ba haka ba, tarar fam 100 ce da maki 3. Idan kuwa gudun ya wuce kima, kotun majistare ce za ta yanke, inda ake auna tara da abin da mutum yake samu a mako, har zuwa fam 1,000, ko fam 2,500 idan a babbar hanya ta motorway ne. Wanda aka kama yana mil 51 ko fiye a titin 30 yana fuskantar maki 6 ko hana tuƙi na kwana 7 zuwa 56.

Makin nan su ne abin tsoro, ba fam ɗarin ba. Wanda ya tara 12 cikin shekara uku, a ƙa'ida za a hana shi tuƙi na wata shida. Sabon direba kuwa igiyarsa ta fi gajarta: dokar 1995 ta ce wanda ya kai maki 6 cikin shekara biyu da cin jarrabawar tuƙinsa ta farko, za a soke lasisinsa, ya koma ɗan koyo, ya sake jarrabawar rubutu da ta hanya. Kamu biyu kacal ke nan. Makin da mutum ya samu yana kan lasisin koyo, lokacin da yake yawo da jan harafin L bayan horon farko na masu babur da ake kira CBT, ba sa gogewa ranar da ya ci jarrabawa, suna bin sa. Mai tuƙi da lasisin Najeriya ko na Nijar a cikin wata 12 na farko da doka ta yarje masa, shi ma kada ya ɗauka ba shi da inda za a rubuta masa maki, domin ana buɗe masa rajista a ajiye su. Makin gudu suna zama a rubuce shekara huɗu, kamfanonin inshora kuma yawanci suna tambayar na shekara biyar, su ƙara kuɗi a kansu. Ga mai kai abinci, wanda inshorar aikinsa tun asali mai tsada ce, wannan ƙari yana cin ribar makonni.

Akwai wurin da halinmu na kirki yake iya cutar da mu. Mu mutane ne masu aron abin hawa, kuma masu rufa wa juna asiri. Sai ka ji wani ya ce wa ɗan'uwansa, "Ni makina sun yi yawa, kai naka fes yake, bari in sa sunanka," ko kuma a rubuta sunan wani baƙo da ya riga ya koma gida. A wurinmu wannan taimako ne. A wurin kotu kuwa karkatar da shari'a ne, laifin da ake ɗaure mutane a kansa, da mai bayarwa da mai karɓa. Chris Huhne ya taɓa zama minista a gwamnatin Birtaniya, amma a 2013 an yanke masa ɗaurin wata takwas, shi da tsohuwar matarsa Vicky Pryce, saboda ta karɓi makin gudun da ya yi shekara goma kafin nan. Fiona Onasanya, lauya 'yar asalin Najeriya da ke wakiltar Peterborough a majalisar dokoki a wancan lokaci, an ɗaure ta wata uku a Janairun 2019 saboda ƙarya a kan wanda yake tuƙa motarta, kuma ta rasa kujerarta a shekarar. Idan masu muƙami irin wannan ba su tsira ba, ina ga mai zama da biza? Hular kwano tana rufe fuska, gaskiya ne, amma hoton yana nuna jiki da tufafi da jakar da ke bayanka, wayarka da manhajar aikinka kuma sun san inda kake a wannan minti.

Maganar biza ba ƙarama ba ce. Tarar da aka biya a kan lokaci ba ta shiga cikin tarihin laifuffukan mutum. Hukuncin kotu kuwa hukunci ne, kuma fom ɗin neman zama na dindindin da na zama ɗan ƙasa suna tambayar laifuffukan tuƙi. A faɗi abin da ya faru yadda ya faru, domin ɓoyewar ta fi laifin nauyi a idon ma'aikatar cikin gida, kuma wanda maganarsa ta kai kotu ya nemi lauya ko ofishin Citizens Advice, inda ake ba da shawara kyauta, tun kafin ranar zama.

Na san matsin da mai kai abinci yake ciki: manhaja tana ƙirga minti, ruwa yana zuba, abinci yana hucewa, kuɗin haya yana jira. Amma littafin dokokin hanya na ƙasar ya nuna cewa mota mai gudun mil 20 tana buƙatar kusan mita 12 kafin ta tsaya, mai 30 mita 23, mai 40 kuma mita 36, kuma a jiƙaƙƙen titi nisan yana ninkawa. Wannan ga mai ƙafa huɗu ke nan. Mai babur a kan titin hunturu mai santsi, jikinsa ne garkuwarsa. Mun sha haɗa kuɗi a masallaci domin wanda ya karye yana kwance ba aiki, kuma ba na so a sake yi domin mintin da bai kai ya kawo ba.

Wanda yake ba da aron baburinsa ya tabbata mai aron yana da lasisi da inshorar da ta rufe shi, domin tuƙi babu inshora maki 6 ne da tarar fam 300, ana iya ƙwace babur ɗin, kuma mai babur da ya ƙyale aka hau shi ma yana da laifi. Ya kuma ajiye ɗan littafi, ko shafi a wayarsa, inda zai riƙa rubuta suna da rana da lokacin da aka karɓi makulli da lokacin da aka dawo da shi, saboda ranar da wasiƙa ta zo tana tambayar wanda ya bi wani titi da ƙarfe 4:17 na yammacin wata Talata, kotu ba ta cika karɓar "na manta" ba sai an nuna mata ƙoƙarin da aka yi na gano shi.