Kurakuran da ake yi wajen hasashen hanyar numfashi kafin tiyatar muƙamuƙi

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana tsara tiyatar gyaran muƙamuƙi ya san daɗin abin, ka ɗora hoton CBCT, wato hoton X-ray mai nuna kai da muƙamuƙi ta kowace fuska (3D), a manhaja irin su Dolphin ko ProPlan CMF, ka yanka ƙashi a allo, ka tura muƙamuƙin sama gaba milimita 4 ka ja na ƙasa baya, sai ga hanyar iska ta fito da kala mai kyau har da lamba a gefe. Toh a nan ake ruɗuwa. Ƙashi yana zama inda ka ajiye shi, shi ko maƙogwaro tsoka ne da nama mai rai, babu ƙashin da ya tokare shi ta kowane gefe, motsi yake yi da kowane numfashi.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa tun a ɗakin ɗaukan hoto yake farawa. Sikan ɗin yakan ɗauki daƙiƙoƙi da dama, a cikin lokacin nan mara lafiya zai iya haɗiyar yawu, ko ya riƙe numfashi don tsoro, ko ya manna harshe a ganɗa, wani kuma an ɗora masa haɓa a matokari wuyansa ya miƙe kamar zakara zai yi cara. Ɗaga kai kaɗan kawai yana buɗe maƙogwaro, sunkuyarwa tana matse shi. Kaga kenan in hoton kafin tiyata an ɗauke shi kai a sunkuye, na bayan tiyata kuma kai a ɗage, ƙarin da ka gani ba aikin hannunka bane, aikin wuya ne. Gyaran ba wuya: umarni ɗaya kowane lokaci, kai a yadda mutum ya saba riƙe shi, haƙora a haɗe ba cizo da ƙarfi, kar a haɗiya, a yi numfashi a hankali ta hanci, kuma ka auna kusurwar kai da wuya a hotunan biyu kafin ka fara kwatanta komai. In sun yi nisa da juna gara ka faɗa a fili.

Sai wanda ya fi damuna, ɗaukan hoton mutum a farke a zaune a ce ana hasashen barcinsa. Yawancin injinan CBCT a zaune ko a tsaye suke ɗauka, alhali matsalar toshewar numfashi da dare take zuwa, mutum na kwance rigingine, tsokoki sun saki, harshe da beli sun faɗa baya. Hoto bai jin minshari. In mutum yana da ƙiba, wuya mai kauri, hawan jini, gyangyaɗi da rana, ko matarsa ta ce yana ɗauke numfashi cikin barci sai ta zungure shi, a cike masa tambayoyin STOP-Bang na tantance haɗarin toshewar numfashi a barci, a tura shi gwajin barci. Can ne ake ƙirga sau nawa numfashi ke tsayawa ko raguwa a awa ɗaya, 5 zuwa 15 kaɗan ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 ya tsananta. Wannan lambar babu manhajar tsara ƙashi da za ta ba ka ita.

Akwai kuma masu murna da jimillar girman hanyar iska. Ka ɗauki tiyon ban ruwa ka taka shi da ƙafa a wuri ɗaya, duk faɗin sauran tiyon bai hana ruwa tsayawa. Haka maƙogwaro yake, wurin da ya fi ƙunci shi ke yanke hukunci, ko bayan ganɗa mai laushi ko bayan tushen harshe. Jimilla tana iya ƙaruwa ta sama saboda an tura muƙamuƙin sama gaba da yankan Le Fort I, wato yanka ƙashin a kwance ta saman saiwoyin haƙora, amma ƙasa ta matse saboda an ja na ƙasa baya. Don haka ka raba hanyar kashi-kashi, ka nemo mafi ƙuncin wuri, ka rubuta faɗinsa da inda yake.

Maganar ja baya ɗin nan tana son natsuwa. Mai doguwar haɓa yazo, ido ya ce a mayar da muƙamuƙin ƙasa baya da yankan nan na tsaga ƙashin ta gefe biyu da likitocin tiyata Obwegeser da Trauner suka bayyana a 1957, fuska tayi kyau a allo, amma harshe da ƙashin hayoyid, ɗan ƙashin nan da ke wuya ƙarƙashin tushen harshe, suna bin muƙamuƙi baya, hanya ta ragu. Shi yasa in jan zai yi yawa ake raba aikin biyu, sama ta zo gaba, ƙasa ta koma baya kaɗan. Masu toshewar numfashi kuwa muƙamuƙan duka biyun ake turawa gaba, kusan milimita 10, wani lokaci har da juya su yadda haɓa za ta ƙara fitowa. Amma kar ka ɗauka milimita ɗaya na ƙashi milimita ɗaya ne na iska, mutum biyu aiki iri ɗaya sakamako daban, nima sai da na ga haka da idona na daina yi wa mutane alƙawari da lamba.

Ƙananan abubuwa ma suna ɓata lissafi, iyakar sama da ta ƙasa ta hanyar iskar da kake aunawa in ba wuri ɗaya ka sa ba a duka hotunan, ko ka bar manhaja ta zaɓi inda iska ta ƙare nama ya fara ita kaɗai. Launin toka na CBCT ba tsayayye bane kamar na CT na asibiti, yana canjawa daga inji zuwa inji, sai ka bi yanka-yanka da ido ka gyara.

Da gaggawar ɗaukan hoton bayan tiyata. Sati biyu nama duk a kumbure yake, abin da ka auna kumburi ne. A bari sai wata shida aƙalla, in da hali a sake a shekara, don harshe da hayoyid suna ci gaba da neman mazauni, ƙashin ma yakan ɗan koma. Kuma in tun farko don barci aka yi aikin, a maimaita gwajin barci, a tambayi wadda ke kwana kusa dashi ko har yanzu tana zungurinsa.