Yadda za ka ɗaura ƙarfen jan tirela a gida don ɗaukar kekuna

Kariyar kekuna, wato maɗaukin da ake ɗora su a bayan mota, irin wadda ake ratayawa a murfin but da igiyoyi, ba ta taɓa kwanta mini a rai ba. Tana cin fenti, kuma kekuna biyu sun isa su sa ta rawa a babbar hanya. Ƙarfen jan tirela kuwa, wanda ake zura wata irin kariyar a bakinsa, da shasi ake ɗaure shi, shi ya sa na fi yarda da shi. A nan Amurka mutane da yawa a ƙofar gida suke ɗaura abinsu, kuma duk wanda ya iya riƙe sifana aikin bai fi ƙarfinsa ba.

Sayi wanda aka ƙera wa motarka, samfurinta da shekararta. Kamfanoni irin su Curt da Draw-Tite haka suke yin su, ramukansu su zo daidai da na jikin shasi, babu walda, sau da yawa babu huji. Bakin da kariyar ke shiga iri biyu ne, mai inci 1¼ da mai inci 2. In motarka tana karɓar mai inci 2, shi za ka ɗauka, domin manyan kariyoyi da shi suke zuwa.

Akwai lambobi biyu a jikin ƙarfen, kuma mai keke ba ruwansa da babbar, wato nauyin da zai iya ja. Ƙaramar ce taka: nauyin da bakinsa zai iya ɗauka. A ƙarafan da suka fi ƙanƙanta, wannan lambar takan tsaya a wajen kilo 90. Kariyar kanta tana iya kai kilo 20, keke mai lantarki ɗaya ya kai 25, ga shi kayan suna nesa da bamba, duk ramin da ka faɗa sai sun girgiza notinan. Duba littafin motar ma, tana da tata iyakar. Wadda ta fi ƙanƙanta ita za ka bi.

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ja burkin hannu, sa waigi a tayoyin gaba. In za ka ɗaga ta, ka tokare ta da ƙafafun ƙarfe. Don Allah kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Salansa takan tare wa ƙarfen hanya, sai an sauke ta. Bari ta huce, ka ɗaure ta da igiya don kada ta zubo, sannan ka shafa ruwan sabulu a robobin da ke riƙe da ita, su zame cikin sauƙi.

Inda aikin ke cin lokaci shi ne ramukan shasi. Notinan da aka manne a ciki tun daga masana'anta sun sha laka da tsatsa, musamman a jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Fesa musu man kwance tsatsa, ka shigar da siririn burushin waya kana juyawa har jan garin ya daina zubowa. Gwada kowane noti da yatsunka. In ya cije, fitar da shi ka sake gogewa. In ka tilasta shi da sifana zai lashe, gyaransa kuma ba na gida ba ne. Inda babu noti a ciki, za ka tarar da wata waya mai nannaɗe a kwalin, da ita ake jawo notin ta cikin shasi har ya leƙo ta ramin.

Ƙarfen yana da nauyi, nemi wani ya tallafa maka. Ku ɗaga shi, ka sa duk notinan da hannu, kada ka matse ko ɗaya sai kowanne ya kama. Daga nan sai sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan ta kai ƙarfin da aka rubuta a takardar umarnin ƙarfen. Wannan sifanar ko aro ne ka nemo ta, domin ɗaurin ƙiyasi ko ya yi sako-sako ko ya miƙar da noti.

Mayar da salansa, zura kariyar, sa fil ɗinta da makullinsa. Ɗora kekunan, mai nauyi ya zauna kusa da mota, sannan ka tsuguna ka duba ko wata taya tana saitin bakin salansa, zafinta yana narkar da roba. Duba kuma ko sun rufe lamba da fitilun baya. Bayan tafiyar farko, sake bin notinan da sifanar awo ɗaya bayan ɗaya.