Yadda na gyara matsalar 'yan tsaki masu mutuwa a cikin ƙwai

Da hunturu ya kankama, 'yan tsakina suka riƙa huda ɓawo su maƙale, su mutu a ciki. Zafin injin ƙyanƙyasar ƙwai yana kan digiri 37.5, ba nan matsalar take ba. Da na fasa wani ƙwai sai na ga tantanin ya bushe ya manne wa ɗan tsakon. Iskar hunturu ce ke shanye danshin.

Na sayi ƙaramin ma'aunin danshi, na ƙara farantin ruwan ɗumi da soso a ciki. Faɗin farantin ne ke aiki, ba zurfinsa ba. Daga kwana na 18 na daina juya ƙwan, na ɗaga danshi zuwa kashi 65 cikin ɗari, na kuma hana yara buɗe injin don leƙe. Ranar 21 suka fito da kansu.