Yadda za ka auna shugaban da ake cewa "ya ci amma ai ya yi aiki"

Da zaɓe ya matso, duk inda samari ke shan ataya a unguwannin Aboabo da Sawaba na Kumasi a nan Ghana maganar ɗaya ce, wai a ƙyale shi ya ci tunda ya zuba mana kwalta ya gina asibiti. Ni dai wannan maganar tana ci min rai, don haka ga yadda za ka aunata da kanka kafin ka dangwala wa kowa.

Fara da tambayar wa aka taka kafin aikin ya yiwu, sannan ka bi da ta biyu, shin da ba a taka shi ba aikin zai ƙi yiwuwa? Nkrumah ya gina dam ɗin Akosombo da har yau muke amfani da wutarsa, ya yi babban titin Accra zuwa Tema, babu mai musu, amma gwamnatinsa ce ta kawo dokar 1958 da ake tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba, kuma a ƙarƙashin wannan dokar aka tsare jagoran adawa J.B. Danquah har ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965. To da an bar Danquah a gidansa dam ɗin zai ƙi ginuwa ne? Ko kusa. Aikin daban zaluncin daban, kar ka bari a ɗaure maka su a ƙulli ɗaya.

Mu 'yan zango ma bai kamata a koya mana wannan ba. A 1969 gwamnatin Busia ta bai wa baƙin da ba su da takarda sati 2 su bar ƙasar, hujjar ita ce a samar wa 'yan ƙasa aiki da kasuwa, magana mai daɗin ji. Je ka zauna da tsofaffin unguwa su ba ka labarin waɗanda suka sayar da gida da shago a wulaƙance aka loda su a manyan motoci da tabarmi da tukwane zuwa boda, wasu ma nan aka haife su ba su san ko'ina ba sai Kumasi. Duk shugaban da ya ce maka dole wasu su sha wuya don ƙasa ta gyaru, tambaye shi su waye wasun, don sau da yawa mu ne.

Sai ka juya abin tsakanin manyan jam'iyyunmu biyu, NDC da NPP. In kai ɗan NDC ne ka ɗauka NPP ce ta yi, in ɗan NPP ne ka ɗauka NDC ce, in ranka ya ɓaci to abin ba daidai ba ne ko waye ya yi shi.

Wani zai ce ai larura tana halatta abin da aka hana. Gaskiya ne, amma malamai sun sa sharaɗi, sai babu wata hanya kuma gwargwadon larurar kawai, son komawa kujera ba larura ba ne. Kuma Annabi (SAW) ya ce Allah mai tsarki ne ba ya karɓar sai mai tsarki, saboda haka masallacin da aka gyara da kuɗin sata ba ya wanke satar.

Samari, in an zo da sidi ana neman majiya ƙarfi ranar zaɓe wai don a kare ƙuri'ar mutumin kirki, dan Allah ku ƙi. Bayan harbe-harben da aka yi a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Ayawaso West Wuogon a Accra a 2019 an yi dokar da ta haramta ƙungiyoyin 'yan daban siyasa, kuma kai za a kulle, shi yana gida da 'ya'yansa.

Aikin ma da ake taƙama da shi ka bincika. Dokar neman bayani ta 2019 ta ba ka dama ka rubuta wa asambili, wato majalisar ƙaramar hukumarku, takarda ka tambayi nawa aka ware wa kwalbatin unguwarku da ɗan kwangilar da aka ba, kwana 14 suke da shi su ba ka amsa. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku sa hannu, ku ajiye kwafi, in suka yi shiru ku nemi shugaban asambilin ya sake duba buƙatarku, in shi ma ya yi shiru ku kai ƙara hukumar da ke kula da dokar, wato RTI Commission.